Gyaran da muka yi wa ɗakin gwajin ƙasa da iri

Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a ƙasar Haɗejia. Ina da birkiloli biyu da kafinta da mai walda, leburori kuwa gwargwadon aiki muke ɗauka. Bara aka ba mu gyaran wani ofishin gona na gwamnati mai haɗe da ɗakin gwaje-gwaje, tsohon gini ne tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991.

Ofisoshin ba su ba mu wuya ba, filasta ce da fenti da ƙofofi. Ɗakin gwajin ne ya ci lokaci.

Da rani muka fara, ta sama, don kada ruwan farko ya tarar da rufi a buɗe. Kafinta na ɓalle silin, sai kashin jemage ya zubo, katakon kuma gara ta gama da shi, kana dannawa yatsa na nutsewa. Silin ɗin na asbestos ne, ƙurarsa na lalata huhu, shi ya sa na hana yara fasa shi. Sai an yayyafa ruwa ake sauke shi ɗaya bayan ɗaya, kowa da takunkumi.

Wani dattijon ma'aikacin wurin ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, don Allah a duba mana tagogin nan." Tagogin luba ne, masu jerin gilasai, da hunturu ƙura shigowa take yadda ta ga dama. Ya nuna mini sikelinsu, ko iska ta gifta sai lambarsa ta motsa. A nan ake auna tsamin ƙasa, a kuma duba ko gishiri ya hau ta, abin da ke damun gonakin rani inda ruwa ke kwanciya. A nan ake jera ƙwayar iri ɗari a jiƙaƙƙiyar takarda, a ƙirga waɗanda suka tsiro. In awo ya kuskure, manomi ne zai zuba kuɗinsa a takin da gonarsa ba ta nema, ga yadda buhu ya yi tsada. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Muka sa tagogin alminiyon masu roba a baki, muka zuba wa sikelin teburin kankare don kada ya riƙa girgiza, muka canza bututun magudana da na roba mai jure asid.

Sola ba ta cikin takardar kwangila, amma na rubuta musu shawarar a sa, domin firjin ajiye iri ba zai yi ta jiran a kawo wuta ba.