Layi na biyu

Laraba. Na samu famfo ba kowa da asuba, har wanki na yi kafin takwas. Ƙosan bakin get da zafinsa. Raina fes na shiga ajin diskirit, wani darasin lissafi da muke yi a jami'a.

Yau jadawalin "idan P, to Q" Malam ya zana a allo, layi huɗu kacal. P gaskiya, Q gaskiya, zancen gaskiya ne. P gaskiya, Q ƙarya, zancen ƙarya ne. Wannan ko Autanmu zai yarda. Sai ya gangaro layuka biyun ƙasa, inda P ɗin kanta ƙarya ce, ya rubuta gaskiya, ya sake rubuta gaskiya. Kun san halina, bakina ba ya shiru. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, a gafarce ni, ta yaya zance zai tashi daga ƙarya kuma a ce masa gaskiya?"

Ya ajiye alli ya ce in ɗauke shi kamar alkawari. "Mahaifinki ya ce idan kika ci jarrabawa zai saya miki kwamfuta. Kin faɗi, bai saya ba. Ya saɓa?" Na ce a'a. "Kin faɗi, amma ya saya?" Na ce wannan kyauta ce, bai saɓa ba. "To yaushe ne kawai za a ce ya saɓa?" Na buɗe baki, magana ta maƙale. Wani daga baya ya kwaɗa, "In ta ci bai saya ba!" Aji ya kwashe da dariya, Malam ya ce madalla, ya ɗauki allinsa.

Bawan Allah, misali kawai ya bayar, bai san a kan miki ya ɗora yatsa ba. A kan tabarma, bayan isha'i, mako guda kafin JAMB, Abba ya faɗa min kusan waɗannan kalmomin. Na ci, na samu gurbi, ga shi muna zango na biyu, har yau sai ƙawata ta gadon sama ta yi barci nake aron kwamfutarta. Wato ina zaune daram a layi na biyu, layi ɗaya tilo da jadawalin ya rubuta wa ƙarya.

Abin da ya fi cina shi ne na gane darasin sarai, ba zan ƙara faɗuwa wannan tambayar ba har abada. Amma ni ban yarda a kira Abba maƙaryaci ba. Jadawalin nan gaskiya ko ƙarya kaɗai ya sani, babu gurbin "tukuna", babu inda za a rubuta kuɗin hayar shago ko maganin Kaka. Na kama kaina ina neman masa mafita kamar lauya: ai bai faɗi rana ba, Q ba ta zama ƙarya ba sai ya ce ya fasa. Har na rubuta hakan a gefen littafi, sai kunya ta kama ni na soke.

Sauran darasin sama-sama na ji. Wani abu game da mutum 13, dole biyu su haɗa watan haihuwa tunda watanni 12 ne. Mako mai zuwa matsalar gadoji bakwai da masanin lissafi Euler ya warware a 1736.

Garau-garau da rana, yaji ya yi yawa.

Umma ta kira bayan magariba. Ban ta da maganar ba, wallahi. Ita ce da za ta kashe waya ta ce, "Abbanki fa bai manta ba." Na ce na sani, Umma. Muryata ta ɗan yi rawa, ina jin ta lura.

Jinga na jirana, P da Q da R, layi takwas. Na ja layukan da rula, aka ɗauke wuta. Ta gadon sama kuma har yanzu idonta biyu, kallo take yi.