Idon Mai Kaya: Abin da Cinikin Katunan Tarawa Ya Koya Mini

Ranar da na fara zama gaban maigidana don koyon wannan sana'a, bai yi mini zancen kuɗi ba sam. Katuna biyu na wasan Pokémon na Japan ya miƙo mini, hoto ɗaya, bugu ɗaya, ya kunna fitilar tebur ya ce, "Duba ka faɗa mini wanda ya fi." Na juya su, na sake juyawa, na ce ni dai ban ga bambanci ba. Sai ya karɓi ɗaya ya karkata shi a hankali ƙarƙashin fitilar, sai ga wani siririn karce ya bayyana a kan wurin mai ƙyalli, bai kai kaurin silin gashi ba. Ya kifa katin, ya nuna mini kusurwar ƙasa, inda shuɗin ya ɗan goge, fari ya leƙo kamar ƙwayar gishiri. Ya ce, "Yaro, wannan ɗigon da ka raina shi ke cinye rabin kuɗin."

Na ɗauka ƙari ya yi. Ashe ma ragi ya yi.

Kasuwar nan a kan maki take tafiya. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, a aika musu kati su duba, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin gidan roba mai tauri da lamba a sama. Wanda ya fi suna shi ne PSA na Amurka, da aka kafa a 1991, sai irin su Beckett da SGC da CGC. Abubuwa huɗu suke dubawa: kusurwoyi, gefuna, fuskar katin, da yadda hoton ya zauna a tsakiya. Na ƙarshen nan ya fi ba ni mamaki, domin ba laifin mai kati ba ne, daga injin yanka yake zuwa. Kati na iya fitowa daga leda sabo fil, hannu bai taɓa shi ba, amma bakin hagu ya fi na dama faɗi sosai, shi ke nan ya rasa maki 10 tun kafin ya ga hasken rana. Tsakanin 9 da 10 kuwa, a katin da ake nema, farashi yakan ninka ya sake ninkawa.

Da na fara ganin kamar idona ya buɗe, na zaɓi katuna shida daga nawa na kaina, na rantse a raina aƙalla huɗu za su samu 10. Na biya kuɗin dubawa, na biya na aikawa da na inshora, na yi watanni ina jira. Da suka dawo, ɗaya ya samu 9, sauran 7 da 8. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Na kwashe su na kai wa maigida ina cewa an zalunce ni. Bai yi musu da ni ba, ya dai miƙo mini madubin ƙara girma ya ce in sake dubawa, amma in ɗauka na wani ne aka kawo mini in saya. Cikin minti biyar na ga duk abin da masu makin suka gani: ɗan lotsawa a gefe, layin bugu da ya ratsa ƙyallin, kusurwar da ta dakushe. Duk suna nan tun farko. Ba ƙarancin sani ya hana ni ganinsu ba, so ne. Mai kaya yana duba kayansa da fatan abin da zai samu, mai saye kuma da tsoron abin da zai yi asara, kuma idon mai tsoro ya fi kaifi. Tun daga lokacin, duk katin da zan kimanta, ta baya nake farawa, inda babu hoton da zai ɗauke mini hankali, in rubuta makin da nake zato, in bar shi ya kwana. Washegari in sake dubawa, sau da yawa in rage ɗaya.

Irin wannan son ran shi ke bin mutum har wajen sa farashi. Wani zai shiga eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, ya ga an sa kati irin nasa a kan kuɗi mai tsoka, sai ya ce nasa ma haka yake. Amma kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, kati ya yi shekara yana kwantai babu wanda ya taya. Abin dubawa shi ne jerin waɗanda aka riga aka sayar, da maki iri ɗaya, a makonnin baya-bayan nan. Ko a nan ma ba na ɗaukar mafi tsada, domin akwai gwanjon da ake haɗa baki a yi ta ƙara tayi don a ɗaga farashi, akwai kuma wanda ya ci gwanjo bai biya ba. Nakan ɗauki ciniki biyar ko shida, in ajiye na sama da na ƙasa, in tsaya a tsakiya. Daga nan in cire la'adar dandali, wadda a eBay takan kai kusan kashi 13 cikin 100, in cire kuɗin aikawa da na kunshi. Abin da ya rage shi ne kuɗin katin a wurina.

Abin da ya fi yi mini nauyi a aikin nan shi ne mutanen da ke zuwa da kwalin da suka adana tun ƙuruciya. Za ka ga mutum ya rungumo shi kamar jariri, ya ji labarin katin ɗan wasan ƙwallon baseball Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952 da aka sayar dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022, ko na Honus Wagner, shi ma ɗan wasan baseball, da ya kai dala miliyan 7.25 a wannan watan. Sai ka buɗe ka tarar katunan ƙwallo ne na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da kamfanoni suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, kowa kuma ya yi ta ɓoyewa da tunanin wata rana zai yi arziki. Tsufa kaɗai ba ya sa kati tsada. Na Wagner, wanda aka riƙa sakawa cikin kwalin taba tsakanin 1909 da 1911, an dakatar da bugunsa da wuri, shi ya sa 'yan gomomi kawai suka rage. Katin Black Lotus na wasan kati mai suna Magic, a bugun farko na 1993, kusan 1,100 aka buga. Katin Pokémon na Charizard na 1999 kuwa, ɗan ƙaramin hatimin bugun farko da ke gefen hagu ƙarƙashin hoton shi ke raba mai tsadar gaske da na gama-gari. Shi ya sa nake buɗe rahoton da kamfanonin maki ke fitarwa na yawan kowane kati a kowane maki, in nuna wa mutum da idonsa. Ba na jin daɗin faɗa, amma ba na kewaye-kewaye, kuma nakan zauna in bi kwalin kati bayan kati, domin wani lokaci akan dace da ɗaya ko biyu masu daraja, kuma haƙƙinsa ne ya sani kafin ya sallama.

Kasuwar kanta tana da zazzaɓinta. A 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Katin ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan na kamfanin Fleer na 1986 mai maki 10 ya kai dala 738,000 a farkon 2021, kuma a ƙarshen Maris na shekarar PSA ta dakatar da karɓar yawancin katuna saboda sun yi mata yawa. Ba a jima ba wannan katin na Jordan ya faɗi ƙasa da rabin kuɗinsa. Ni ma akwai waɗanda aka taya mini da riba mai kyau na ce albarka, ina jiran gobe, goben ta zo na sayar da su da ƙyar na fid da uwar kuɗi.

Ko gidan robar ma ba ya ɗauke wa mutum aikin dubawa. Kati na farko da PSA ta taɓa ba maki wani katin Wagner ne da ya samu 8, aka sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007, amma a 2013 wani dillali ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunansa don ya yi kyau. Ga kuma jabu, na kati da na gidan robar kansa. Don haka nakan duba lambar a shafin kamfanin, in gwada hoton da abin da ke hannuna, in sa madubi a kan rubutu. A na asali baƙin rubutu yakan fito tsaf da kaifin gefe, a jabu kuwa sau da yawa ɗigo-ɗigo ne.

Yanzu idan zan sa kati a kasuwa, hoton aibin nake fara ɗauka. Makon jiya na yi rabin sa'a ina karkata wani kati ƙarƙashin fitila don kyamara ta kama wani karce da ido ma da ƙyar yake gani. Na rubuta a bayanin, "Akwai karce a sama ta dama, duba hoto na uku." Ya yi kwana tara kafin a saya, kuma ƙasa da abin da na so. Na sa shi a leda mai laushi, na zura cikin roba mai tauri, na haɗa shi tsakanin kwali biyu na naɗe da tef. Bayan ya isa, mai sayen ya aiko saƙo cewa ya ga karcen daidai inda na ce, ya kuma tambaya ko ina da sauran katunan wannan jerin.