Littafin da ke cikin jakata a aikin dare

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya wata malama ta kama ni da littafi a ƙarƙashin tebur. Labarin wani jami'in bincike ne da ke neman wanda ya sa wa wani attajiri guba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai juya bangon, ta ce wadda za a damƙa wa rayukan mutane ba ta da lokacin tatsuniya. Maganar ta shige ni ƙwarai, domin malama ce da nake girmamawa. Na tattara littattafaina na zuba a kwali, na labaran bincike da na almara da ƙagaggun labaran kimiyya, na yi wajen shekara uku ban buɗe ko ɗaya ba.

Aikin dare ne ya mayar da ni gare su. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka da ka dawo gida da safe barci zai kwashe ka. Jiki ya gaji liƙis, amma zuciya tana can ɗakin marasa lafiya. Na rubuta awon zafin jikin na gado na huɗu kuwa? Me ya sa matar nan ta rasu alhali jiya tana hira da mu? Wata safiya da juye-juyen ya ishe ni na jawo kwalin nan. Shafi ashirin na karanta, na farka da la'asar littafin yana kan ƙirjina.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa labarin kisan kai, da gawa da guba, yake kwantar wa mutum hankali. Abin da na gano shi ne, a cikin irin wannan labari akwai amana tsakanin marubuci da mai karatu. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox, wanda shi ma marubucin labaran bincike ne, ya fitar da ƙa'idoji goma na wannan fanni. Daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance an ambace shi tun farkon labari, kuma duk alamar da jami'in bincike ya gano sai an nuna wa mai karatu ita. Ma'ana, amsar tana nan a gabanka tun da wuri, kuma za a ba ka ita kafin shafin ƙarshe. A asibiti ba wanda ya yi mini wannan alkawari. Mutum yakan mutu ba mu san takamaiman dalili ba, wani kuma ya tashi bayan mun fitar da rai. Bayan awa goma sha biyu cikin tambayoyin da ba su da amsa, shiga duniyar da kowace tambaya take da tata amsar hutu ne na gaske, kamar wanda ya sauke kaya daga ka.

Daga baya na san cewa wannan fanni da aikinmu danginsu ɗaya. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiro shahararren mai binciken nan na cikin labari, Sherlock Holmes, a 1887, likita ne. Ya yi karatu a Edinbara a ƙarƙashin wani likitan tiyata, Joseph Bell, wanda ya yi suna wajen duban majinyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba, daga kantar hannunsa da tafiyarsa da yanayin tufafinsa. Doyle da kansa ya ce daga wannan malami ya ɗauko halin jarumin nasa. A ɗaya daga cikin labaran, na 1892, abin da ya tona asirin shi ne karen gidan bai yi haushi ba a daren da aka sace doki, alamar ya san wanda ya shigo. Abin da bai faru ba shi ne shaidar.

Wannan kare ya faɗo mini a rai wani dare da misalin ƙarfe biyu. Wani dattijo mai ciwon suga ya fara sambatu, yana fizge robar ƙarin ruwa, gumi ya jiƙa masa riga. Ɗansa da ke jinyarsa ya ce, "Sista, ki rabu da shi, tsufa ne, haka yake yi a gida wani lokaci." Na kusa yarda, don a katinsa komai daidai yake, an yi masa allurar insulin mai rage sugan jini da yamma a kan lokaci. Ina gyara masa zanin gado idona ya kai kan kwanon abincinsa a ƙarƙashin gadon, a rufe, ba a taɓa ba. An yi allura, ba a ci abinci ba. Na gwada sugansa, ya yi ƙasa da 70, iyakar da daga ita ake cewa ya faɗi. Na kira likita, aka ba shi gulukos ta jijiya, ba a yi minti ashirin ba Baba ya dawo hayyacinsa yana tambayar ƙarfe nawa.

Ba zan ce littafi ne ya cece shi ba. Makaranta ce ta koya mini alamomin faɗuwar suga, har da malamar nan da ta raba ni da littafina. Amma sanin alama daban, son dubawa daban. Shekarun da na yi ina zargin kowane mutum a labari, ina komawa baya shafi talatin don in tabbatar wa ya ce ya rufe taga, su suka sa mini ɗabi'ar ƙin karɓar bayanin farko don kawai shi ne mafi sauƙi. Kuma na koye ta ne cikin jin daɗi, ba wanda ya tsaya a kaina da jarrabawa.

Ƙagaggun labaran kimiyya wani abu dabam suka ba ni. Marubutansu ba su cika tsayawa yi maka bayani ba. Shafin farko za a jefa ka cikin jirgin sama jannati ko wata duniya mai rana biyu, ana ta ambaton na'urorin da ba ka taɓa ji ba, kuma dole ka yi haƙuri ka ci gaba har ma'anar ta fito da kanta. Ranar da aka mayar da ni ɗakin kulawa ta musamman, na tsaya gaban na'urar taimakon numfashi tana ƙara, lambobi na canzawa, ban gane rabinsu ba. Tsoro ya kama ni, amma yanayin ba baƙo ba ne a wurina. Na saba zama cikin rashin fahimta na ɗan lokaci ba tare da na rikice ba, in riƙe abin da na gane, in tambayi sauran. Mu ma, in an tuna, muna da namu a wannan fanni: Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo ta fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata.

Labaran almara kuwa, na dodanni da masarautun da ba su taɓa wanzuwa ba, ban koyi wata dabarar aiki daga gare su ba, kuma ba na neman in ƙaƙaba musu. Su nake ɗauka a ranakun da suka fi nauyi, ranar da muka rasa yaro. J.R.R. Tolkien, marubucin labaran almara wanda ya ga yaƙin Somme na Yaƙin Duniya na Ɗaya da idonsa a 1916, ya yi wata lacca a Sikotilan a 1939 inda ya amsa wa masu cewa irin waɗannan labarai gudu ne daga gaskiya. Ya bambanta fursunan da ke neman hanyar komawa gida da sojan da ya tsere daga fagen daga. Na jima ina ɗaukar kaina a matsayin wadda ta tsere. Amma duk daren da na yi awa ɗaya a cikin waɗannan dazuzzuka, washegari nakan koma bakin aiki da hannu mai taushi da murya mai sanyi. Ranakun da na hana kaina, na lura nakan yi saurin tsawa ga masu jinya, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Makon jiya na shiga ɗakin hutunmu da asuba na tarar da wata ɗaliba da aka turo mana koyon aiki tana karatu. Tana ganina ta tura littafin ƙarƙashin mayafinta. Na tambaye ta ko ta gama zagayen magani, ta ce ta gama, ta rubuta komai. Na duba katunan, gaskiya ta faɗa. Sai na buɗe jakata na nuna mata nawa, saura shafi arba'in in gama, na ce har yanzu matar lauyan nake zargi. Ta fito da nata a hankali, ta ce, "Anti, ni kuma yanzu jirginsu ya sauka."