Gwiwar Ƙarfe Ba Tare da Siminti Ba ga Masu Amosanin Rumatoyid: Abin da Shekaru Suka Koya Mana

An daɗe ana koyar da cewa mai rumatoyid, wato amosanin da ke kumbura gaɓɓai, in za a sauya masa gwiwa da ta ƙarfe, sai da siminti, wato abin da ake liƙa ƙarfen da ƙashi da shi. Dalilin a fili yake: kumburin cutar, da shan maganin kumburi firedinisolon na shekaru, da ƙarancin tafiya, duk suna zaizaye ƙashi. Amma da aka bi marasa lafiyar da aka sa wa irin mara simintin, bincike da dama sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na gwiwoyin suna nan daram bayan shekara 10. Ƙananan bincike ne, kuma likitocin sun zaɓi masu ƙashi mai kyau, don haka kada a ɗauka kowa ne zai dace. Wani abu kuma: ciwon sauran gaɓɓai yana rage wa mai rumatoyid zirga-zirga, gwiwar ba ta shan wahala kamar ta mai aikin ƙarfi.

Babban darasin shi ne ƙashin da ke gabanka a ɗakin tiyata ne zai yanke hukunci. Bayan an yanke saman ƙashin ƙwauri, a danna shi da babban yatsa. In ya lotsa, ko aka ga kogo a ciki, a ɗauko siminti ba tare da gardama ba. Shi ya sa dole ne simintin da kayansa su kasance a kusa tun kafin a fara.

Gefen ƙarfen da ke taɓa ƙashi yana da ƙananan ramuka, faɗinsu kamar maikiron 100 zuwa 400 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), waɗanda ƙashi zai tsiro ya shiga. Ba zai shiga ba sai ƙarfen ya zauna cif. Motsin da bai kai maikiron 50 ba, ƙashi ne ke tsirowa. Ya wuce 150, tantani ne kawai zai cike wurin, ciwo ya biyo baya. Siminti yana toshe ɗan kuskuren yanka, a nan kuwa babu mai rufa maka asiri. Yankan ya zama sumul, farantin ƙarfen da ake ɗorawa a kan ƙwauri ya hau kan gefen ƙashi mai tauri, kuma a riƙa zuba wa zarto ruwa, domin zafin da ya kai digiri 47 na ma'aunin Celsius na tsawon minti ɗaya yana kashe ƙashin da ake jira ya tsiro.

Ɓangaren cinya ba ya cika ba da matsala. Farantin ƙwauri ne ke nutsewa, musamman ga mai gwame da aka bar jijiyoyinsa ba a daidaita ba, nauyi ya taru gefe guda. Ɗan nutsewa a watannin farko ba abin tsoro ba ne muddin ya tsaya. Wanda ya ci gaba da motsi a shekara ta biyu, ko siririn layin da ke ƙarƙashinsa a hoton ƙashi yana ta faɗaɗa, shi ne zai kwance. Mummunan sunan da wannan hanya ta yi a shekarun 1980 ya samo asali ne daga ƙirar lokacin: ƙoƙon gwiwa mai bayan ƙarfe da ke karyewa, da siririyar roba, da ramukan kusoshi da ɓurɓushin roba ke bi ya cinye ƙashi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ma shigar ƙwayoyin cuta ne, wanda ya fi yawa ga masu rumatoyid ko da siminti ko babu. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2022 ta ce cikin magungunan rumatoyid masu rage garkuwar jiki, a ci gaba da metotireksat, a jinkirta aikin har zagayen allurar bayolojik ya ƙare, a dakatar da tofasitinib kwana 3 kafin aiki, a koma musu bayan rauni ya haɗe, wajen kwana 14. Kafin a sa maganin barci kuma a duba ƙashin wuya, domin cutar tana sassauta gaɓar farko da ta biyu.