Abin da ya faru daren jiya a PUBG

Wallahi abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Muna buga PUBG Mobile, gem ɗin harbe-harbe na waya da ake bugawa ta intanet, mu 4, sai ƙaramin cikinmu, yaro ne da bai wuce shekara 14 ba, sabis ya ɗauke masa ana tsaka da harbi aka kashe mu duka. Kawai sai wani babba a cikinmu ya buɗe makirfo ya hau ɗura masa ashar har da ta uwa. Yaron ba abin da yake cewa sai "yi haƙuri yaya", muryarsa na rawa, ina jiyo ƙarar janareta a bayansa.

Ni ne admin ɗin guruf ɗinmu na WhatsApp shi yasa na kasa yin shiru. Nan take na kashe muryar mutumin na kai rahotonsa a cikin gem ɗin, da safe kuma na kira shi nace malam ko dai ka ba yaron nan haƙuri a gaban kowa ko na cire ka. Wai ai wasa ne. Wane irin wasa ne da zagin uwar mutum fisabilillahi? Na cire shi, mutum 2 suka bi shi suka fita, su je.

Yaron dai har yanzu bai hau ba. Na tura masa saƙo nace ƙanena yau bayan isha'i muna jiranka.