Ranar da na gaji da danna Suivant

Wani mutumina mai ɗan wurin koyar da kwamfuta a Sabon Gari nan Damagaram ya sayo tsoffin kwamfutoci 14 daga Kano, ya ce in zo in zuba musu manhajoji, Firefox da VLC da 7-Zip da LibreOffice. Ranar farko uku kawai na gama, sai danna Suivant (wato "ci gaba"), Suivant, J'accepte, Terminer, ga zafi ga wuta tana ɗaukewa, wallahi har yatsana ya yi tsami.

Da dare na ce a'a, ba zan ƙare a haka ba. Na tara komai a kile USB ɗaya don winget, abin Windows mai sauko da manhajoji ya saka da kansa, intanet yake so, mu kuma nan kowa ya san yadda forfe ke ƙonewa, sai na rubuta ɗan fayil .bat, wato jerin umarni da Windows zai bi ɗaya bayan ɗaya. Kowace manhaja da kalmar da ake faɗa mata ta shiga shiru ba tambaya. LibreOffice fayil ɗin .msi ne, irin wanda Windows ke sakawa da umarnin msiexec, sai msiexec /i da sunan fayil sannan /qn /norestart. VLC da 7-Zip da Firefox kuma /S, kuma babban S fa, ƙaramin s VLC bai san shi ba, kawai ya buɗe maka taga yana jiranka.

Washegari na shiga da taƙama, na soka kile, na danna dama na zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur, baƙar taga ta ƙyafta ta ɓace. Na ce wa mutumina "ka gani? ɗora mana shayi." Sai da muka sha na biyu wani yaro cikin ɗalibansa ya ce "Mushe, ai babu komai a ciki." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe idan ka buɗe .bat a matsayin admin, Windows can cikin System32, ma'ajiyar fayilolinsa, yake zuwa neman fayilolin, ba cikin kile ba. Na sa %~dp0, wato wurin da .bat ɗin kansa yake, gaban kowane suna, shi ke nan. Bayan wannan kuma wata ta taso, na ƙara wata .msi, biyun suka tashi tare, ta biyu ta faɗi da lamba 1618, wato wata na kan shiga, sai da na sa start /wait kowace ta jira 'yar'uwarta.

Abin da ya fi ba ni haushi, yadda take shiga shiru haka take faɗuwa shiru, ba mai gaya maka. Yanzu ina ƙara wa msiexec /L*v da sunan fayil ya rubuta min duk abin da ya faru, kuma ina sa lambar kowace ta fito kafin taga ta rufe. 0 lafiya lau, 3010 ma lafiya sai dai a sake kunna na'urar, 1603 kuwa ba ta shiga ba, to ka gyara zama.

Sauran 11 kafin la'asar na gama su, ban da guda da diskinta ya riga ya mutu tun daga Kano, wannan kam rigimarsa ce da mai shagon.