Ni aka ce in yanka

Laraba, Garki.

Ƙarfe tara saura kwata na iso wurin aikin rusau ɗin da nake kula da shi. Ruwan daren jiya ya mayar da hanyar Nyanya abin da kuka sani, tun daga gada har AYA tafiyar hawainiya. Ƙosan da Maman Ummi ta ƙunso min yana nan cikin mota har yanzu, ya yi sanyi ƙalau.

Tun daga bakin get na jiyo kukan injin yankan rodi daga saman bene, alhali a tsarin da muka rubuta ranar Litinin babu yankan rodi yau. Aikin yau sauke bulon bangon sama ne da hannu, layi bayan layi. Na duba ƙasan barandar gaba, sai na ga igiyar ja da fari da muka kewaye wurin da ita an kwance ta an naɗe a jikin mangwaro don tifa ta samu hanyar yin ribas. Yara biyu suna ta kai da komo da baro a ƙarƙashin barandar.

Na hau. Ɗan'auta na tsugune a cikin ɗaki, daidai inda dekin ya haɗu da baranda. An fasa kankaren saman a tsaye tun daga wannan kusurwa zuwa waccan, rodi duk sun fito fili, ya yanke shida yana kan na bakwai. Ban yi masa magana ba sai da na zare wayar injin daga janareta, na leƙa ta taga na kori yaran nan biyu.

Ga wanda bai san gini ba, irin wannan baranda ba ta da ginshiƙi a ƙasanta. Abin da ke riƙe da ita shi ne rodin da ke ta saman kankaren, waɗanda suka miƙe suka shige cikin dekin ɗakin, nauyin ɗakin ya danne su. Rodin ƙasa kusan ado ne a wajen. Wannan tsawonta mita 4, fitowarta mita 1.2, kaurinta santimita 15. Kankare kowace mita kubik tana kai kilo 2,400, ke nan falon barandar kaɗai ya haura kilo 1,700. Ka ɗora gajeren bangon bulo da ya zagaye bakinta, da filastarsa, ga shi ya sha ruwa ya ƙoshi, ana maganar kusan tan 3 rataye a kan rodi 21 masu milimita 12. An cire shida daga ciki, sauran kuma an tone musu kankaren da suke kamawa. Irin wannan ba ta tsagewa ta ba ka lokaci. Lanƙwasowa take yi kamar murfin akwati, a bugun zuciya ɗaya.

Na ce, "Ɗan'auta, ka san me wannan rodin yake riƙe da shi?"

Ya ce, "Baranda ce, Yallaɓai."

Na ce, "Ashe ka sani. To me ya sa kake yankawa?"

Ya goge zufa da gefen rigarsa ya ce, "Ni aka ce in yanka. Oga Dogo ya ce masu sayen ƙarfe daga Panteka za su zo da azahar, a tara musu. In ma wani abu ya faru ai kamfani ne, Yallaɓai, ni ɗan aikin yini ne."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yanzu da nake rubutun nan. Ba rashin kunya ya yi min ba, da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma rabin maganarsa daidai ce. Rabin ne ma ya sa take da haɗari.

Inda ya yi daidai: idan ma'aikaci ya yi sakaci a bakin aikinsa ya jikkata wani, wanda ya ɗauke shi aiki yana ɗaukar alhakin diyya. Dokar Ƙwadago ta ma toshe wa mai aiki wata tsohuwar kafa, ba zai je kotu ya ce "ai abokin aikinsa ne ya ji masa ciwo, ba ni ba" a saurare shi. Sannan akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da asusunta. Mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, kuma haramun ne ya cire ko kwabo daga kuɗin ma'aikaci don wannan. Ta haɗa da ɗan aikin yini da ɗan koyo, ba sai mai takardar ɗaukar aiki ba. Da barandar ta faɗo da shi Ɗan'auta ya karye, tsarin nan ba ya tsayawa neman wa ya yi laifi kafin a duba shi. Sharaɗin dai a sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta zagayo. Yawancin yaranmu a nan suke asarar haƙƙinsu: a kai mutum wurin mai ɗori a Mararraba, a ba shi ɗan abin hannu, ba a rubuta komai ba, wata uku ta wuce.

Inda ya ɓata: kamfani yana biyan kuɗi, amma ba ya zama wa mutum a kurkuku. Abuja da Final Kod (Penal Code), wato dokar hukunta laifuka, ake aiki. A sashe na 222 an ambaci wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar ganganci ko sakaci, kisan kai ne, ko da ba irin wanda ake yanke wa hukuncin kisa ba, kuma sashe na 224 ya ba alƙali damar ɗauri har zuwa rai da rai. "Foman ne ya sa ni" ba ya cikin abubuwan da ke wanke mutum. Abin da yake yi kawai shi ne ya jawo foman ɗin su zama biyu a akwatin tuhuma. Ɗan sandan da zai zo daga baya kuwa tambayarsa ta farko guda ce, waye ke riƙe da injin? Masu kamfani a lokacin wayarsu a kashe take.

Na faɗa masa wannan a taƙaice. Ya yi shiru, ya ce, "To Yallaɓai, in na ƙi, gobe ya ce kar in zo fa?"

Ban ba shi amsa ba, na ce ya sauka ya sha ruwa.

Dogo, foman ɗinmu, ya iso yana huci, wai an tsayar masa da aiki. Na kai shi na nuna masa. Ya ce shi cewa ya yi a yanke rodin tsakiyar ɗaki, yaron ne bai fahimta ba. Na tambaye shi wa ya sa aka fasa kankaren a wannan layin, wa kuma ya kwance igiyar ƙasa. Ya fara lissafa min shekarunsa a rusau. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: shi ma daga sama aka matsa masa, an ce kuɗin ƙarfen ne zai biya tifa. Na ce ya kira su ya ce tifa ta jira.

Sauran safiyar ta tafi a gyara. Mun mayar da igiya, wannan karon da kwanon rufi a tsaye muka tare wurin, muka matsa baya da nisa don abin da ya faɗo daga mita 3 ba a inda ya sauka yake tsayawa ba, tsalle yake yi. Babu mai shiga ƙasan barandar ya kafa tokara tana ɗauke da wannan nauyin, don haka sai da aka rage mata kaya tukuna. Baba Direba ya miƙo hannun katafila daga gefe ya tallafe bakinta da bokiti, mutum ɗaya da igiyar tsaro ɗaure a ginshiƙin ciki ya sauke gajeren bangon bulo bayan bulo, yana miƙowa ciki. Bayan nan aka jera tokarar ƙarfe huɗu da muke da su, kowace a kan faffaɗan katako don ƙasa ta jiƙe, za ta iya nutsewa. Ba su isa ba. Aka rufe wurin haka.

Yadda ya kamata a yi tun farko ba wani asiri ba ne. Rusau gini ne a juye, abin da aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Duk abin da ya fito waje ba ginshiƙi, baranda ko rumfar ƙofa, shi ne kan gaba, kafin a taɓa dekin da ke danne shi. A tokare ta, a cire bangon bakinta, a fara fasa kankare daga bakin waje ana ja da baya ɗan siriri ɗan siriri, kamar santimita 30 kowane layi. Rodi shi ne na ƙarshe, sai ya zama ba ya ɗauke da komai. Daga nan dekin, daga tsakiya zuwa gefe, sai ƙananan bim, wato kankaren da ke kwance yana ɗauke da dekin, sai manya, sai ginshiƙai. Kuma ba a tara ɓaraguzai a saman dekin. Dekin gidan zama an lissafa shi ne a kan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, tsibin da ya kai gwiwa kuwa ya ninka wannan sau uku ko fi, balle ya sha ruwa. Na tarar da irin wannan tsibin a ɗakin baya, shi ma aka sauke.

Da rana raha ta ɗan dawo. Baba Direba ya ƙi motsa katafila zuwa bayan gida sai an nuna masa inda sokawe take. Dogo ya ce ai an cike ta tun tuni. Baba ya ce, "Ɗana, tan 20 nake tuƙawa, ba Keke Napep ba. Ka hau murfin ka yi tsalle in gani." Aka soka rodi, ya shige har ya ɓace, ramin na nan fanko. Dariya har da masu riƙe ciki. Muka zagaye wurin da fenti.

Mai gadin maƙwabta ya sake zuwa neman tsofaffin kwanon asbestos ɗin nan, wai zai rufa wa awaki. Na hana. A jiƙe muka sauke su, ba a fasa ko ɗaya ba, suna nan a naɗe cikin leda. Ƙurarsu sai bayan shekara 20 ko 30 take nuna aikinta a huhu.

Takardar cire layin wuta tana cikin fayil, amma duk da haka na sa Isiya ya bi wayoyin bangon baya da testa.

Bayan magariba na kira Barista, don akwai abin da nake yawan karanta wa yara a taron safe daga dokar masana'antu ta 1987: cewa ma'aikaci ba zai lalata ko ya cire abin da aka sa don kariya da gangan ba, dole ya yi amfani da abin kariyar da aka ba shi, kuma ba zai yi abin da zai jefa kansa ko wani cikin haɗari ba tare da dalili ba. Ya ce, "Mutumina, maganar tana nan a dokar, amma ka yi a hankali. Don masana'anta aka rubuta ta, lauyan da ya san aikinsa zai ce filin rusau ba masana'anta ba ne." Ya ce abin da ba ya kuɓucewa shi ne Final Kod da kuma ƙarar sakaci, domin wanda aka jikkata yana da damar ya haɗa kamfani da shi ma'aikacin a ƙara ɗaya. Har ya ba ni labarin wata shari'a ta Ingila ta 1957: direban babbar mota ya yi ribas a bakin aiki ya buge mahaifinsa, wanda shi ma a kamfanin yake. Kamfani ya biya uban diyya, masu inshora suka juyo da sunan kamfanin suka yi ƙarar ɗan, kotu ta ce ya biya. Ya ce ba kasafai ake bin lebura haka ba tunda ba abin da za a samu a hannunsa, amma ƙofar a buɗe take.

Na tambaye shi me zai kare yaro irin Ɗan'auta. Ya ce ya faɗi haɗarin da bakinsa a gaban mutane, ya ƙi yi, in da hali ya tura saƙo a waya ko da na murya ne, don ya zama akwai shaida. In aka kore shi a kan haka, Kotun Ma'aikata tana nan Area 11, hurumin ta ne.

Area 11. Daga inda muke aiki ko ƙafa za ka iya takawa. Na yi ta ƙoƙarin hango Ɗan'auta da silifas ɗinsa a bakin wannan get ɗin, ban iya ba. Baba Direba ya ƙi umarni yau an yi dariya, saboda masu iya katafila irinsa ba su da yawa, Dogo ya fi kowa sani. Ɗan'auta kuwa in ya ƙi, akwai mutum goma zaune da shebur a bakin titi tun asuba. Nauyin da doka ta ɗora musu iri ɗaya ne.

Littafin wurin aiki yana gabana tun ƙarfe tara na dare. Na rubuta lokaci, na rubuta rodi shida, na rubuta igiyar da aka kwance, na liƙa hotuna uku. Wurin suna ne ya rage. In na sa na Dogo kaɗai, rahoton bai cika ba, kuma ranar da aka nemi littafin nan ni za a tambaya. In na sa na Ɗan'auta, na san wanda za a fara sallama ranar Juma'a. Na rubuta sunayen biyu da fensir, na ƙara layi a ƙasa cewa yaron ya bayyana a gaban mutum uku wanda ya ba shi umarni, kuma ba a taɓa koya masa tsarin sauke baranda ba. Layin nan na ƙarshe kaina yake nunawa, taron safen Litinin ni na yi shi.

Tokara 12 za su iso daga Dei-Dei ƙarfe bakwai. Ummi ta yi barci ban duba mata lissafinta ba.